Waken Kawu

Shekarar da ake ginin ganuwar Damagaram na je Guna duba kawuna, wanda hannunsa ya shanye. Na tarar an ajiye masa faifan wake cike da tsakuwa, yana tsinta da hannun, gumi na zuba. Ni sarkin tausayi na yi wa matarsa wa'azi har maƙwabta suka leƙo, na janye faifan na tsince tas.

Ta kwashe tsakuwar ta mayar. "Ɗana, mai magani ya ce hannun mantuwa ya yi, tuna masa muke."

Kawu ya warke, da hannun yake nuna ni. Har yau in na shiga Guna, mata faifai suke miƙo mini.