Yadda Ake Cusa Kaka a Katangar Tarihin Unguwa

Ga ta nan, ga ta nanku, sai dai ta yau mai lamba ce.

Ta zo mu ji ta, ko da ƙirge ne.

To matso, ɗan nan. An kawo mai zane zai cika katangar makaranta da hotunan waɗanda suka kafa unguwa: mahaƙa rijiya, malamin farko, unguwarzoma, har da jakin mai ruwa. Naka kakan babu shi, don ba abin da ya taɓa kafawa sai tabarma a gindin bishiya. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari sai ya hau katanga. Telan layinmu ya bi su, shi kuwa dole ce ta sa: ya riga ya cika wa surukinsa baki cewa kakansa ne ya haƙa rijiyar unguwa, surukin ya ce zai zo ya gani da idonsa.

1. Nemo hoto

Mutanen dā ba su bar hotuna ba, mai zane kuwa fuska yake nema. Wanda ya kawo fuska, tarihi nasa ne. Zazzage akwatin gyatumarka. In ka samo hoton kakanka gara ta cinye kunne ɗaya, ya ma fi. Ai alamar daɗewa ke nan.

2. Riƙe tsani

Kada ka faɗa da maganar kai tsaye. Miƙa gwangwanin fenti, kori yara, sannan ka kama tsani da hannu biyu. Wanda ke sama ba ya musu da wanda ke riƙe da ƙasa. Tela shago ya rufe, ya bar ɗinkin mutane, ya zo ya kama tsanin ya ɗaga kai.

"Maigida, wannan mahaƙin ba shi da fuska ne?"

"Ba wanda ya san kamanninsa," in ji mai zane.

"Ikon Allah! Ga shi kuwa a aljihuna."

3. Zaɓi shaida da hankali

Kwamiti zai ce a kawo dattijon da ya gani. Nemo mai gyaɗa kai ga komai. Nan Tela ya yi tuntuɓe, ya ɗauko tsohuwar unguwarzoma don yana ganin idonta ya tafi. Ta kai hoton har hanci, ta kwashe da dariya.

"Wannan ai Sarkin Barci ne! Hancinku ɗaya, ja'iri."

"Inna, ai yana wurin ranar haƙa rijiya, ko?"

"Yana wurin mana! Leƙawa ya zo yi da gyangyaɗinsa, ya rufta. Maza suka bar aiki suka jawo shi da igiya."

4. Haɗiye fushinka

Mai zane dā ma ya gaji da zana dattawa a tsaye ƙiƙam. Ya tafa hannu ya ce, "Yanzu na ji tarihi!" Ya kafa marigayi a tsakiyar katanga, ya fi kowa girma, igiya a ƙugu, takalmi ƙafa ɗaya, baki a wangale. Kada ka ce za ka goge. Fentin da aka shafe ya fi wanda aka bari jawo tambaya.

5. Riga kowa bayani

Katanga ba ta magana, mai tsaye kusa da ita ke yi mata. Ranar da suruki ya zo, Tela ya tare gaba.

"Baba, ga shi nan. Shi ne ƙarshen fitowa daga rijiyar."

Suruki ya gyara tabarau. "Ihun me yake yi?"

"Albishir, Baba. An tadda ruwa."

"Da takalmi ake haƙa?"

"Gaggawar aikin lada ce, bai tsaya cirewa ba."

Suruki ya jinjina kai. "Mutanen dā ke nan. Ku na yanzu sai barci."

Gargaɗi

Ni dai shawara na bayar, ban riƙe wa kowa buroshi ba. In naka kakan ya fito ƙafa a sama, ko surukinka ya zo da ƙarin tambaya, kada ka buga mini ƙofa, ban san ka ba, ban san gidanku ba.

Suruki ya ɗauki hoto a gaban katanga ya rataye a falonsa. Mai zane ya samu aiki a unguwar gaba. Unguwarzoma ta mai da kujerarta gindin katanga, duk baƙon da ya tsaya sai ta ba shi labarin ruftawa. Tela ya kwaso kekensa ya kafa a ɗaya gefen, yana ɗinki yana leƙen hanya, don ya riga ta isa ga baƙo.