Bokitin da Na Kai wa Muhandis

Har gobe ba zan taɓa mantawa da bokitin da na kai wa muhandis ba, wato injiniyan wurin aikinmu. Lokacin ina aikin lambu a wani wurin shaƙatawa kusa da garin Dir'iyya a can ƙasar Larabawa, a bakin rafin Wadi Hanifa, kuma ana neman wanda za a ɗora a kan ma'aikatan tafkin wurin. Na sa rai ƙwarai. Na riga na cika wa kowa kunne cewa ni ɗan masunta ne daga Yawuri, babu abin ruwan da ban sani ba (gaskiyar magana, tun ina firamare aka kai ni Kaduna, kifi sai dai in gan shi a miya).

Muhandis ɗin, wani Balarabe mai sanyin hali, ya ce sauro ya dami baƙi, amma bai yarda a zuba magani a ruwan ba. Sai na shiga tafkin da raga. Cikin laka da gindin ciyawa na yi ta cin karo da wasu munanan ƙwari masu launin ƙasa, ƙafa shida, ga ƙwala-ƙwalan idanu. Nan take na yanke hukunci cewa su ne iyayen sauro. Malam Sabi'u, dattijon da muke aiki tare, ya ce in tambaya tukuna. Na ce masa tambaya ai ta wanda bai san ruwa ba ce.

Kwana huɗu ina kwasa ina shanyawa a rana. Kwasar ƙarshe na tara a bokiti, na jira sai da muhandis ya zo zagaye da manyan kamfani, na dire a gabansu ina washe baki.

"Khalas, mudir," na ce da ɗan Larabcina, wato an gama, shugaba. "Sauro ya ƙare."

Muhandis ya durƙusa ya daɗe yana kallo. Sannan ya nuna min wani mazari kore shar da ke shawagi a kan ruwa, idanunsa na ƙyalli, ya tambaye ni ko na san daga ina yake fitowa. Na ce daga ciyawa mana. A gaban kowa ya yi min karatu: a ruwa macen ke zuba ƙwai, 'ya'yan su daɗe a laka suna cinye tsutsar sauro, in sun ƙosa su hau kara, bayansu ya tsage, mai fiffike ya fito. Tun bara yake lallaɓa su don su yawaita. Wato masu yi masa maganin sauron na yi kwana huɗu ina gasawa.

Bai yi faɗa ba, kuma wallahi na so a ce ya yi. Cewa kawai ya yi in mayar da na bokitin, a hankali. Haka na tsuguna ina sakinsu ɗai-ɗai, manya na tsaye a kaina, kunya ta hana ni ɗaga kai.

Malam Sabi'u aka ba muƙamin. Ni kuma aka ce in riƙa kwashe ganyen da ya faɗa ruwa, ganye kawai. Yanzu ko ganyen na ga yana motsi, sai na kira shi ya duba kafin in taɓa.