Jan Layin Da Ya Raba Ni Da Bindigar Babana

Ko me zan manta a rayuwata, ba zan manta da safiyar Larabar da aka kwashe mu a mota daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa bariki ba. Mu goma sha biyu ne, 'yan sintirin unguwa, ni ne shugaba. An ce sojoji za su gwada hannunmu. Wanda ya iya saiti a bar masa bindigarsa, wanda bai iya ba a karɓe.

Ni kuwa bindigar ce ta ba ni shugabancin. Adaka ce ta mahaifina, Allah ya jiƙansa, maharbi na gaske. Mutane suka ɗauka na gaji hannunsa, ni kuma ban gyara musu ba. Abin da ba wanda ya sani shi ne, shekara tara ina saɓa bindigar nan ban taɓa ɗura mata albarushi ba. Tsoro nake ji. In ta tashi bisa kuskure fa? In na sami ɗan wani, me zan gaya wa Ubangiji? (Ni ne fa mutumin da ke dawowa daga bakin titi sau biyu don in sake taɓa kwaɗon ƙofa.)

A bariki aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi. Bango guda majigi ne, ga bindigogi jere kan tebur, kowace da tiyo a gindinta. Sajen da ke kula da wurin ya ce babu harsashi, iska ce ke sa bindigar ta yi ƙara ta daki kafaɗa, na'ura kuma ta nuna inda ka samu. A nan kurata ke koyo kafin a ba su ta gaske.

Duk da haka sai da na matsa kusa da shi.

"Ranka ya daɗe, an tabbata babu komai a ciki?"

"Baba, ko sauro ba za ta kashe ba."

"To bayan bangon nan, akwai mutane?"

Ya yi mini wani irin kallo. Sai Ilu mai faci, mataimakina, wanda ya daɗe yana hangen kujerata, ya ce, "Oga, a bar Shugaba ya buɗe mana fage. Gadon gidansu ne."

Aka kunna majigi, sai ga allon saiti mai siffar mutum, da kai da kafaɗu. Na san hoto ne, wallahi na sani, amma da na ɗauki bindigar sai na ga kamar mutum ne a gabana. Na tuna babana yakan kau da fuska in zai harba adaka saboda tartsatsin albarushi, sai na yi haka, na ƙara da runtse ido. Harbi goma. Da na buɗe ido allon yana nan lafiya lau. Na fara shirya abin da zan ce: bindigar bature ce, hannuna bai saba da ita ba.

"Bari mu ga yadda hannun ya yi," in ji Saje.

Ashe na'urar tana riƙe duk inda bakin bindiga ya bi. Wani jan layi ya fito a bango. Ya sauka daidai ƙirjin allon, ya tsaya yana karkarwa, sai ya yi sama ya wuce kai, sannan harbin ya tashi. Ya dawo ƙirji, ya sake hawa. Haka har sau goma. Saje ya maimaita shi a hankali, kowa yana kallo.

"Baba, wannan ba kuskure ba ne. Mai kuskure watsawa yake ko'ina. Kai ɗagawa kake yi. Tsakaninka da Allah, ka taɓa harbi?"

Da bai sa sunan Allah ba, wataƙila da na kare kaina.

"Ban taɓa ba."

"Adakar da aka rubuta da sunanka fa?"

"Babu komai a cikinta."

Na jira dariya, da ma an yi ta na huta. Ba wanda ya yi. Malam Sabo tela, wanda ya fi kowa yarda da ni, shi ne ya yi magana, ko kallona bai yi ba.

"Shekara tara muna shiga lungu a bayanka, Shugaba. Ina da 'ya'ya shida fa."

Ilu, da bai taɓa riƙe abin da ya wuce gora ba, ya sami bakwai cikin goma. Kafin motar ta dawo da mu Gyaɗi-Gyaɗi ya koma kujerar gaba. Washegari aka karɓi adakar, aka miƙo mini usur. Ilu ya ce, "Wannan dai ko ta tashi bisa kuskure ba a kaffara."

Har yanzu ina fita sintiri, a can baya, kuma Malam Sabo gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abin da na koya shi ne, mai tsoro irina yana iya fakewa cikin mutane shekara da shekaru, don mutane suna da kara. Na'ura ba ta da ita, kuma in an ce ta maimaita, maimaitawa take yi.