Kwamfutoci Masu Kunya

Ku yi mini afuwa, wani yanki na labarin nan ya ɓace mini. Da na san sunan mutumin har da na mahaifinsa, amma yanzu in na miƙa hannu in ɗauko sai in tarar da wurin wayam. Ko kwamfutocin ma, shida ne ko bakwai, ba zan rantse ba. Mu ce shida. Ga dai abin da ya rage.

Wani ne yake aiki a wani ɗakin karatu da na shekara ina zuwa duba littattafai. Shekara goma sha ɗaya yana can ɗakin ƙasa, yana kaɗe tsofaffin jaridu yana atishawa. Wata rana kwamfutar Shugabar wurin ta ƙi kamawa. Aka yi, aka yi, shiru. Shi kuwa ya hawo neman tsani, ya ga fulogi a ƙasa, ya sunkuya ya mayar da shi cikin soket don kada wani ya taka. Kwamfuta ta kama. Washegari aka ba shi kujera mai taya da fanka tasa shi kaɗai, aka ce shi ne mai kula da kwamfutoci. Ya koma gida ya ce wa matarsa daga yau Injiniya za ta riƙa kiransa. Ita kuma ta gaya wa iyayenta. Kafin sati, surukinsa ya aiko masa da rediyo biyu da tocilan ya gyara.

To, a zamaninmu, in kana neman littafi, akwai wasu akwatunan katako masu dogayen aljihuna, cike da katuna. Ka jawo, ka bi da yatsa. Har yau ina jin ƙamshinsu. Amma ba maganar da nake yi ke nan ba. An kwashe sunayen littattafan nan an zuba a intanet, daga baya kuma aka sake musu sabon adireshi. Tsohon adireshin aka bar masa sallahu: duk wanda ya zo, ka miƙa shi sabon wuri. Kamar dai mutum ya tashi daga gida ya ce wa maƙwabci, "In an zo nemana, a nuna musu can."

A wayoyin hannu, kafin ka ƙifta ido an miƙa ka. Amma kwamfutocin ɗakin karatun tsofaffi ne, burauzar da ke cikinsu kuwa, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, ta girmi wasu daga cikin ɗaliban. Ka shiga tsohon adireshi, allo ya yi fari fat, ya tsaya nan.

Shugaba ta kira shi ofis.

"Injiniya, ran Alhamis Darakta zai zo ya ga sabon shafi da idonsa."

"Allah ya kawo shi lafiya, ranki ya daɗe."

"In shafin nan bai buɗe ba, jaridunka na can ƙasa suna kewarka. Ka ji ni?"

Ya ji. Tun kafin ya fita hancinsa ya soma ƙaiƙayi.

Maɓalli ɗaya tak ya sani a duk faɗin kibod, wanda ake dannawa shafi ya sake farawa daga farko. Ya zauna ya danna. Fari. Ya ƙirga uku ya danna. Fari. Ya danna da ɗan yatsa, ya danna da babban yatsa, ya danna da gwiwar hannu. Ya zare wayoyi ya hura musu iska ya mayar. Ya ɗauke allon ta ɗaya ya ɗora wa ta huɗu, ko sauyin wuri zai yi musu amfani. Ya juya musu fankarsa, shi ya zauna cikin gumi. Shugaba ta leƙo ta ce ya kira kamfanin da ya tsara shafin mana.

"Haba, ranki ya daɗe. Injiniya ya kira injiniya? Me za su ɗauke mu?"

Ran Talata da hantsi, yana cikin danne-dannensa, sai ga Inna mai shara da tsintsiya.

"Ɗana, zo kama mini kabad ɗin nan in share bayansa."

"Inna, ina kan aiki."

"Aikin me? Tun jiya nake ganin kana tsokalar abu ɗaya kamar mai kashe kiyashi. Taso!"

Ya tashi yana ƙunƙuni. Suka ja kabad, ta share, suka mayar. Ya juyo. Ga shafi ya buɗe, kore shar, sunayen littattafai reras.

Ya yi tsaye baki buɗe. Ya koma ya zauna, ya sake shiga tsohon adireshi, ya zuba wa allo ido. Fari. Yatsansa ya kasa haƙuri, ya danna don ya ƙarfafa mata gwiwa. Fari. Ya ƙara dannawa. Fari. Sai ya miƙe a hankali, ya juya baya, ya fuskanci bango, ya daɗe a haka. Ya waiwayo. Ya buɗe!

Sau biyar yana gwadawa. In ya kalla, ta ƙi. In ya juya, ta yi.

"Inna! Na gano ciwon!"

"Mene ne?"

"Kunya."

"Kunyar wa?"

"Tawa mana. Duba, daga tsohon shafi za ta koma sabo. Sauyin kaya ke nan. Ke za ki sauya kaya an zuba miki ido?"

Inna ta ɗaga tsintsiya. "Rufe mini baki, ɗan nema! Ni sa'arka ce?"

"To kin gani! Ke ma kin ji haushi. Su ma tsofaffi ne irinki, sun sami tarbiyya."

Kafin azahar ya manna takarda a saman kowace kwamfuta: IN KA SHIGA SHAFI, KA JUYA BAYA. KA ƘIRGA HAMSIN, ƘIRGAR MUTUNCI. BAN DA LEƘE.

Mutane suka yi dariya, suka gwada, suka ga ta yi, dariya ta ƙare. In ka shigo ɗakin nan sai ka ga mutum shida a tsaye sun fuskanci bango, hannu a baya, leɓe na motsi, kamar 'yan aji da aka kama da surutu. Ni ma na tsaya, ba zan ɓoye muku ba. A nan na lura da wata tsaga a bango mai kama da raƙumi a durƙushe. Na nuna wa wani abokina, ya ce shi butar shayi ya gani. Allah ya ji ƙansa, bai taɓa yarda da ni a kan komai ba. Ina muka tsaya? Yauwa.

Akwai wani Farfesa mai gaggawa. Ya ƙirga hamsin ɗinsa a numfashi ɗaya, ya juyo, ya ga fari, ya danna maɓalli.

Injiniya ya taho a guje, kujerarsa na binsa a baya. "Farfesa! Ka firgita ta! Ta kai rabi fa, yanzu ta koma farko!"

"Ni ina da aji ƙarfe biyu."

"Ita kuma tana da mutunci. Juya. Ka cire tabarau ɗin ma, ido huɗu ya yi mata yawa."

Farfesa ya cire tabarau ya juya.

Sai wata ɗaliba mai wayo ta zaro madubi daga jaka, ta juya baya, ta leƙa ta cikinsa. Tana kallo shafi ya sauya. Ta daka tsalle.

"Injiniya, ƙarya ne! Na kalle ta tun daga farko har ƙarshe, kuma ta buɗe!"

Ya dafe ƙirji. "Ta san kina kallo?"

"A'a."

"To kin ci amanarta ke nan. Ki ji tsoron Allah, ƙanwata. Ke a yi miki haka za ki so?"

Daga ranar duk mai shigowa sai ta ajiye madubi a wurin maigadi. Da ya koma gida ya sa matarsa ta yanka tsohon labulen falo gida shida, ta yi wa kowane allo nasa, da 'yar igiyar ja. Hoton wanda ya kafa ɗakin karatun, wani dattijo mai zare ido, shi ma aka juya shi ya fuskanci bango.

Alhamis ta zo. Darakta ya shigo, mutum mai tumbi da agogo, yana tafe yana duba agogon. Bayansa Shugaba, bayanta kuma wata mata siririya da jakar laftof, wadda ita ce ta tsara shafin. Darakta ya dubi labule, ya dubi hoton da aka juya.

"Me ke nan? Rasuwa aka yi?"

"Tsari ne, ranka ya daɗe," in ji Injiniya. Ya shiga tsohon adireshi, ya ja labule. "Yallaɓai, a taimaka a juya."

"A juya me?"

"Kai, ranka ya daɗe. Bango."

Shugaba ta runtse ido. Darakta ya dube shi sama da ƙasa, ya ga ba wasa a fuskarsa, ya juya. Kowa ya juya. Injiniya ya ƙirga hamsin da ƙarfi. Ya buɗe labule. Kore shar.

"Ikon Allah!" in ji Darakta.

Matar nan mai laftof ta riƙe ciki, dariya har da hawaye. Da ta samu ta numfasa ta ce, "Yallaɓai, ba kunya ba ce. Ni na rubuta shafin. Sababbin burauza suna gane umarnin miƙawa nan take. Tsofaffi irin waɗannan ba sa ganewa, shi ya sa na sa musu wata hanya ta daban: su jira sakan arba'in, sannan su wuce da kansu. Duk wanda ya danna maɓallin can, ya mayar da ƙirgar farko. Haƙuri kawai ake so. Bari ku gani."

Ta cire labulen gaba ɗaya, ta zauna, ta shiga tsohon adireshi, ta harɗe hannu, ta ƙura wa allo ido ko ƙiftawa babu. Sakan arba'in cif, shafi ya buɗe a kan idonta.

Kowa ya juyo ya dubi Injiniya. Shi kuwa har ya soma jin warin jaridu. Wata atishawa ta taso masa, ya haɗiye ta da ƙyar.

"To, malam," in ji Darakta, "me ka ce?"

"Ranka ya daɗe, ita fa ta ce ita ta haifi shafin. 'Yar gida ce. Ana jin kunyar 'yan gida ne?"

"Kai, wannan mutum!" in ji matar. "Yallaɓai, zauna ka gwada da kanka. Kada dai ka taɓa komai."

Darakta ya zauna, kujera ta yi ƙara. Aka shigar masa da adireshi. Ya kalli allo. Ya kalli agogo. Ya kalli allo. Mutum ne da bai taɓa jiran komai ba tun da aka ba shi muƙami, ko lif ɗin hawa bene ne sai an riƙe masa. Sakan goma sha biyar, yatsa ya sauka a kan maɓalli.

"Yallaɓai, ka danna!" in ji matar.

"Ban danna ba, taɓawa na yi."

Aka sake. Sakan ashirin, ya danna. Aka sake. Wannan karon ya zauna a kan hannayensa, ya yi gumi, ya kai talatin da biyar, ya zaro hannu ɗaya ya danna sau uku a jere.

"Ba ta yi!" Ya miƙe a fusace, ya juya baya yana yi wa matar faɗa, a kan kamfaninsu, da aikinsu, da iyayin 'yan boko. Ya daɗe yana yi. Da ya juyo ɗaukar hularsa, ga shafi a buɗe.

Ya dubi allo. Ya dubi Injiniya. Sannan ya sassauta murya kamar mai magana a ɗakin mara lafiya.

"A mayar mata da labulenta."

Aka mayar. Ya ce a ƙara wa Injiniya fanka ta biyu, a kuma rubuta tsarin nan a aika wa sauran rassa. Matar ta rataya jakarta ta fita. An ce a bakin ƙofa maigadi ya tambaye ta ko ta bar madubi.

Abin da ya biyo baya ya ɗan dushe mini, don na yi jinya wata da watanni ban fita ba. A kwance na ji an ce an kwashe tsofaffin kwamfutocin an kawo sababbi, wai kuma mutumin na nan a kujerarsa. Ban yarda ba sai da na warke na je da ƙafata. Wannan kam na tabbatar, don a gabana aka yi. Na zauna, na shiga tsohon adireshi, ina shirin miƙewa in fuskanci bango, sai shafi ya buɗe fes a kan idona. Sai na ji an dafa kafaɗata. Injiniya ne, kansa a sunkuye.

"Yi haƙuri, Baba. 'Yan zamani ne, ba su san manya ba."