Akuyata Ba Barewa Ba Ce

Jama'a, yau da safe na je karɓo akuyata, mai gadi ya tare ni da kulki, wai in ja baya kada in firgita namun daji. Namun daji! Akuyar da na raina da dusa da ruwan tsari a tsakar gidana a Takur.

Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma kada a rage ko kalma.

Watan jiya Mai Girma Sarkin Kiran Baƙi, Allah ya ƙara wa rigarsa sitati, ya shigo unguwarmu da masu hoto. Wai takardar talla mai sheƙi za su buga, 'yan yawon buɗe ido su gani su yi tururuwa zuwa Dutse. Sun ɗauki duwatsu, sun ɗauki dabino, saura shafin namun daji, ga shi ko zomo babu. Sai idonsu ya faɗa kan jar akuyata.

"Iya, ara mana ita zuwa la'asar."

Suka hau da ita kan dutse, suka shafa mata alli a ciki, suka rubuta barewa. La'asar ɗin har yau ba ta yi ba.

Maƙwabcina Malam Barau ne ya samo kwafi ɗaya na takardar ya karanta min. Ya ce, "Hajiya Zaituna, kin haye! Sun ce irinta ta kusa ƙarewa a duniya."

Na ce, "Malam, danginta fa na nan cike da kasuwar Shuwarin."

"To yi shiru, kada su ma a kwashe su."

Na je har gaban Mai Girma. Ya ce tunda ta shiga takarda ta zama dukiyar al'umma, wanda ya sa mata wuƙa sai kotu. To ni da me zan yi layya? Da hoton? Ga Sallah ta ƙarato, kuma ba ni da wata.

Amma a yaba musu, tallar ta ja hankali. Baƙo dai ko ɗaya bai zo ba, don ba a raba takardun ba, an jibge su a sito. A siton kuma aka ɗaure barewar. Mai gadin nan da ya gaji da masifata ya raɗa min cewa ta cinye su tas, har shafin da take ciki.

Mai Girma, ranka ya daɗe, a dawo min da abata kafin ranar Arfa. Takardunku kuwa ba zan ci haƙƙin hukuma ba. Ina yankawa zan aiko da tumbin, ku raba wa baƙin.