Ranar Da Aka Yi Mini Wankan Jego

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yi mini wankan jego a tsakar gidan Gwaggo ba. Ni ɗin nan, ƙato da gemuna, malamin kimiyya a wata sakandare a Gumel.

Gwaggo ce ta raine ni. Bara aka gano tana da ciwon daji a mama, likitocin Kano suka sa ta a layin gashi, wato hasken da na'ura ke harbawa wurin ciwon don ya kashe ƙwayoyinsa. Ana kaiwa rabi ta gaji. Fatar wurin ta yi baƙi tana raɗaɗi, ga wahalar mota. Ta dawo garinmu Ɗanzomo ta ce ita da Kano har abada. Hankalina ya tashi ƙwarai, don likita ya gargaɗe mu kada a kuskura a yanke gashin a tsakiya.

Ana cikin haka na ci karo da wani bayani a waya: idan aka ɗumama ƙwayoyin daji, hasken ya fi cin su. Zafi yana ƙara gudun jini a wurin, kuma yana hana ƙwayar gyara ɓarnar da hasken ya yi mata. Gaskiya ne kuwa. (Sai dai farkon bayanin kawai na karanta data ta ƙare, ni kuma na riga na zama likita.)

Na ce to, wa ya fi mu sanin zafi? Ranar Asabar na hau babur sai Ɗanzomo. Na sa aka kira Iya Talatu, tsohuwar ungozomar da ta yanke mini cibiya, ta ɗora tukunya, aka karyo ganyen darbejiya. Na yi wa Gwaggo lacca har da zane a ƙasa: in ana gasa ta da ruwan zafi, zuwa Kano zai ragu.

Gwaggo ta kalle ni sama da ƙasa. "Kai ɗan nan, rabona da jego tun kana rarrafe. To a fara da kai. In ka jure, ni ma zan yi."

Girman kai ya hana ni ja da baya. Na tuɓe riga, na zauna a kan turmi. Iya ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa ta tsula mini a gadon baya. Jama'a, ku girmama iyayenku mata! Ihun da na kurma sai da awaki suka watse.

"Haba Malam," in ji Iya, "masu haihuwar fari ma ba sa wannan rakin."

Ta ɗaga na biyu, na zuba da gudu na yi zaure. Ashe shugaban makarantarmu da malamai sun zo duba Gwaggo, suna zaune a tabarma suna jiran iso. Na faɗa tsakiyarsu ba riga, ganye manne a baya, jikina na tururi. Shugaba ya gyara tabarau ya ce, "Barka da arziki, Malam. Me aka samu?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma daga ciki na jiyo abin da na daɗe ban ji ba: Gwaggo tana dariya har da tari. Da baƙi suka tafi ta share hawaye ta ce, "Wanda ya yarda a dafa shi saboda ni, ai na shiga mota saboda shi. Mu koma Kano."

A can ma ba ta rufa mini asiri ba, ta kwashe labarin kaf ta faɗa wa likita. Ya dafe kai. Ya ce ana amfani da zafi, amma da na'ura ake aunawa, kaɗan ya ɗara ɗumin jiki, kuma cikin ciwon ake kai shi. Da ruwan nan ya taɓa fatarta, da ta saɓule, a dakatar da gashin gaba ɗaya. Nan gumi ya karyo mini, wanda ya fi na tukunyar Iya.

Gwaggo ta kammala gashinta, kuma duban baya-bayan nan likita ya ce alhamdu lillahi. Ta koma kiwon awakinta. Ni kuwa har yau Mai Jego ake kirana a ofishin malamai, kuma amsawa nake yi. Abu ɗaya na koya: kafin in sa a ɗora tukunya, sai na sayi data na karanta har ƙarshe.