Yadda Za Ki Tsayar Da Ɗiyarki A Wata Goma Sha Huɗu

'Yar'uwa, in surukarki tana ƙirga watanni don ta ɗauke miki ɗiyar fari ta tafi da ita yaye, ke kuma kunya ta ɗaure miki baki, gyara zama. Bi matakan nan, na yi miki alkawari ɗiyarki ba za ta ƙara ko kwana ɗaya ba. A kan Nanata na gwada, nan Tambuwal.

1. Ki zama ke ce mai shafin dangi

Da na gama koyon gina shafin intanet, Baban Nana ya ce in yi wa zuri'arsu ɗaya: sunan kowa, hotonsa da shekarunsa, don na Legas da na Kebbe su riƙa ganin juna. In an ba ki irin wannan aiki, karɓa hannu biyu. Mai rabon tuwo ba ta kwana da yunwa.

2. San kayan aikinki

Shafi iri biyu ne. Akwai dainamik: ki ba shi ranar haihuwa sau ɗaya, duk wanda ya buɗe sai ya ruga rumbun bayanai ya lissafo watanni ya faɗa masa. Magulmaci ne. Akwai kuma sitatik, kamar rubutun gawayi a bango: abin da kika rubuta yana nan har ki goge da hannunki. Ɗan halak, mai rufin asiri.

3. Zaɓi sitatik, ki ɗora wa netwok laifi

In ƙanen miji mai boko, irin Dawuda, ya ce, "Anti, ai gara mai sabunta kansa," ki tambaye shi yaushe rabonsa da Kebbe. Ki ce dainamik sai an hau tudu ana ɗaga waya sama, sitatik kuwa ko a bayan garke buɗewa yake. Kuma gaskiya ce. Ƙarya mai mutunci da gaskiya ake ɗaura mata zani.

4. Rubuta "wata goma sha huɗu", ki janye hannu

Kada ki sa sha tara, ya yi kusa da ashirin da ɗaya, lokacin yaye. Hoto kuma wanda take rarrafe. Kada ki ji tsoron maigida: namiji ya san ranar da ya sayi babur, bai san ta haihuwa ba. Wata bakwai muka yi, duk sanda surukata Inna ta kira daga Kebbe sai ya duba waya ya ce, "Da saura, Inna, kwamfuta ta faɗa."

5. Binciki garke

Nan na yi sake. Wata Asabar sai ga Inna a bayan babur, laka har gwiwa, riƙe da sabon zanen goyo. Na durƙusa na miƙa mata waya.

"Ɗiyata, aje wagga aba," in ji ta. "Ran da kika haihu, ran nan saniyata ta haihu. Maraƙin ya bar nono, ya yi ƙaho, jiya har ya tunkuyi Malam, surukinki. Ko shi ba a sa shi cikin kwamfuta ba?"

Ina cikin haɗa amsa, Nana ta rugo ta cafe mata zani: "Kaka, ina furata?"

"Awo," in ji Inna. "Ga 'yar wata sha huɗu tana bin kakarta fura."

6. In sitatik ya faɗi, ke ki zama mai motsi

Ki ce shafin yana son gyara, kuma gyaran ba ya yiwuwa sai a netwok ɗin Kebbe. Ɗauki jakarki ki hau bayansu. Daga ɗakin Inna nake wannan rubutu, yau kwana tara. Nana tuni ta manta da nono, tana can bayan maraƙi. Inna ta ce ɗiya ta yayu, saura uwa.

Hattara: wannan shawara ta masu surukai marasa dabba ce. In taki tana da ko akuya ɗaya mai ciki, ban san ki ba, ba ki san ni ba, kuma ba ni na gina miki shafi ba.